Bakteriya masu ƙyalli: abin da hasken ke nunawa da inda yake ruɗi

Mai bin labaran lafiya a intanet ya sha cin karo da irin hoton nan: fili baƙi ƙirin, a tsakiyarsa wasu 'yan sanduna kore shar ko ja wur suna haske, a ƙasa an rubuta cewa ƙwayoyin tarin fuka ne ko na kwalara. Wasu na ɗauka kwamfuta ce ta yi musu fenti. Wasu na zaton haka suke a jikin mara lafiya. Akwai kuma waɗanda da zarar sun ji an ce an sauya wa bakteriya ƙwayoyin gado, sai hankalinsu ya koma kan muhawarar irin shuka na GMO, ko kan fargabar a ƙera sabuwar cuta a ɗakin gwaji.

Bakteriyar da ke huhun majinyaci ba ta haske. Masu bincike ne ke sa ta yi, ta hanyar dasa mata umarnin ƙera wani furotin mai ƙyalli. An fi shekara talatin ana wannan aiki, kuma ya sauya tambayar da ake yi. A da, ana tambaya ne ƙwayoyi nawa ke cikin huhu ko hanji. Yanzu ana iya tambayar ina kowace ɗaya take, me take ji, kuma tana hayayyafa ko ta lafe.

## Ma'anar kalmomin

Ƙyallin da ake nufi a nan shi ne abu ya sha haske mai wani launi, ya mayar da shi da wani launin daban. Misalinsa na nan a banki: fitilar da ake haska takardar kuɗi da ita don gane ta jabu. Muddin fitilar na kunne, wasu zane-zane da ido bai gani a da sukan fito. An kashe ta, sun ɓace. Wannan ya bambanta da hasken ƙwarin nan da ke ƙyalla wuta da daddare lokacin damina, domin su da kansu suke haɗa haskensu daga sinadaran jikinsu, ba sai an haska su ba.

Furotin kuwa ba abin da ake samu a wake da nama kaɗai ba ne. Kowace halitta na ƙera dubban nau'o'insa don su yi mata aiki, kuma kowane furotin na da ƙwayar gado da ke ɗauke da umarnin ƙera shi. A gaban ƙwayar gadon akwai wani ɗan yanki na DNA (sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado) da ke aiki a matsayin makunni: shi ke sa a fara ƙera furotin ɗin ko a dakata. Idan aka ɗauko makunnin wata ƙwayar gado ta bakteriya aka jona shi da umarnin furotin mai ƙyalli, duk lokacin da bakteriyar ta kunna wannan makunni sai ta haska. Irin wannan furotin shi masana ke kira ɗan rahoto.

Mafi shahara a cikinsu shi ne GFP, furotin mai koren ƙyalli. An gina shi da sinadaran amino asid 238, waɗanda ke naɗewa su zama 'yar ganga mai bango goma sha ɗaya. A tsakiyar gangar, uku daga cikinsu, na 65 da 66 da 67, sukan haɗe su zama ɓangaren da ke ƙyalli. Abin da kawai wannan haɗuwa ke buƙata daga waje shi ne iskar oksijin. Wannan sauƙin ne ya sa ake iya dasa GFP a kusan kowace halitta ya yi aiki, kuma buƙatar oksijin ɗin ita ce babbar gazawarsa, kamar yadda za a gani a gaba.

## Daga gaɓar teku zuwa kyautar Nobel

A 1961 wani masanin sinadarai ɗan Japan, Osamu Shimomura, da ke aiki a Jami'ar Princeton, ya je Friday Harbor a jihar Washington ta Amurka yana kamo wata halittar ruwa mai laushi, mai siffar laima, da ake kira Aequorea victoria. So yake ya gano dalilin da gefen jikinta ke haske. Furotin ɗin da ya fara warewa yana ba da shuɗin haske ne. A rahoton da ya fitar da abokan aikinsa a 1962, sun ambaci wani furotin na biyu a taƙaice, wanda ke shan shuɗin ya mayar da shi kore, wato GFP.

Shekara talatin ta wuce kafin Douglas Prasher, a cibiyar binciken teku ta Woods Hole, ya ware ƙwayar gadon GFP a 1992. Kuɗin bincikensa ya ƙare, amma ya aika da ita ga waɗanda suka nema. Martin Chalfie na Jami'ar Columbia ya dasa ta a bakteriyar E. coli da wata 'yar tsutsa, ya kuma nuna a 1994 cewa dukansu sun haska. Roger Tsien na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego ya yi ta sauya amino asid ɗaya-ɗaya har ya samu masu haske fiye da na asali da masu wasu launuka. Jan launi ya zo ne daga wani wuri: a 1999 masu bincike a Mosko, ƙarƙashin Sergey Lukyanov, suka samo furotin mai suna DsRed daga wata halitta dangin murjani. Daga shi ɗakin gwajin Tsien ya fitar da mCherry da tdTomato da 'yan uwansu a 2004.

A 2008 aka bai wa Shimomura da Chalfie da Tsien kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai. Ƙa'idar kyautar ba ta wuce mutum uku. A lokacin Prasher yana tuƙa motar jigilar abokan ciniki a wani kamfanin sayar da motoci a Alabama, kuma Chalfie da Tsien ne suka ɗauki nauyin zuwansa bikin.

## Abin da tsoffin hanyoyi ba sa iya gani

Tun lokacin da Robert Koch ya sanar da gano ƙwayar tarin fuka a 1882, hanyoyi biyu ne ginshiƙin aikin. Ta farko ita ce rini: a shafa samfuri a gilashi, a gasa shi, a zuba masa rini, a duba a madubin likita. Duk abin da aka gani ya riga ya mutu. Ta biyu ita ce ƙirga: a niƙa huhu ko saifar ɓeran da aka sa wa cutar, a shimfiɗa a farantin abinci, a jira kowace ƙwaya mai rai ta zama ɗigon da ido ke gani. E. coli na rabuwa biyu cikin kusan minti 20, don haka kwana ɗaya ya isa. Ƙwayar tarin fuka kuwa takan kusan cinye yini da dare kafin ta rabu sau ɗaya, sai an yi mako uku zuwa huɗu ana jira. Bayan duk wannan jira, adadi ɗaya tak ake samu. Niƙan ya shafe bayanin inda kowace ƙwaya take, kuma wadda ke da rai amma ta ƙi tsirowa a faranti ba ta shiga lissafi.

Ɗan rahoto mai ƙyalli ya cike wannan giɓi ta fuskoki da dama. Idan aka jona shi da makunnin da ba ya mutuwa, bakteriyar za ta yi ta haske, a bi sawunta a cikin halitta mai rai. Idan aka jona shi da makunnin da tsami ko ƙarancin iska ke tayarwa, hasken ya zama saƙo game da yanayin wurin da take. Ana kuma iya liƙa shi a jikin wani furotin na bakteriyar don a ga inda wannan furotin ke zama.

Raphael Valdivia da Stanley Falkow na Jami'ar Stanford sun nuna ƙarfin dabarar tun 1996 da 1997. Sun daddatsa DNA na bakteriyar Salmonella, suka sa kowane guntu a gaban GFP marar makunni, suka samu tarin bakteriya kowace da guntunta. Sai suka ba makurofaj, wato ƙwayoyin garkuwar jiki masu haɗiye baƙin abu, su cinye su. Da na'urar da ke tace ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya bisa haskensu, suka ware waɗanda ke haske a cikin makurofaj amma suke duhu a waje. Ta haka aka gano ƙwayoyin gadon da Salmonella ba ta kunnawa sai ta shiga cikin mai farautarta, har da na wata 'yar allura da take tsira wa makurofaj sinadarai da ita daga ciki.

## Dunƙulen tarin fuka: ganuwa ko masauki?

Babu inda wannan fasaha ta girgiza tsohuwar fahimta kamar a tarin fuka. Alamar cutar a huhu ita ce wani dunƙule da ake kira giranuloma, inda makurofaj da sauran dakarun jiki ke taruwa su kewaye ƙwayoyin. Fiye da ƙarni guda ana koyar da cewa ganuwa ce da jiki ke ginawa don ya tsare cutar a wuri ɗaya.

Lalita Ramakrishnan, wadda a lokacin take Jami'ar Washington da ke Seattle kafin ta koma Cambridge a Ingila, ta nemi hanyar kallon ginin dunƙulen da ido. Ta yi amfani da Mycobacterium marinum, 'yar uwar ƙwayar tarin fuka ta kusa da ke kama kifi, da kuma jariran wani ɗan kifi mai zane-zane da ake kira zebra. Jaririn bai wuce 'yan milimita ba, kuma jikinsa garau yake, ana hango cikinsa. Akan sa masa maganin barci, a kwantar da shi a ƙarƙashin madubi, a tsira masa ƙwayoyi masu haske a jijiya da allurar gilashi siririya, sannan kyamara ta yi ta ɗaukar hoto sa'o'i da dama.

A 2002 suka nuna cewa dunƙulen na fara haɗuwa cikin 'yan kwanaki, tun kafin ɓangaren garkuwar jiki mai koyon gane cuta ya fara aiki. A 2009 Muse Davis da Ramakrishnan suka bayyana abin da ke faruwa a ciki. Makurofaj da ya cika da ƙwayoyi yakan mutu. Sababbi su yi ta kwararowa, su cinye gawarsa, su kamu. Ƙwayoyin da ke cikin guda ɗaya sun rarrabu cikin da yawa, kowanne ya zama sabon wurin hayayyafa. Wasu daga cikin sababbin kamun kuma su fice su je wani sashe na jiki su kafa sabon dunƙule. Sun kuma gano cewa bakteriyar ce da kanta ke kiran makurofaj ɗin, da taimakon wani yanki na DNA mai suna RD1. Wannan yanki shi ne wanda ya ɓace daga ƙwayar BCG, rigakafin da ake yi wa jarirai a dantse, kuma rashinsa na daga manyan dalilan da suka sa ta yi laushi.

Ba kowa ya karɓi sakamakon yadda yake ba, kuma masu ja da shi na da hujja. Kifi ba shi da huhu. M. marinum ba ita ce ke kashe mutane ba. Dunƙulen kwana biyar a jaririn kifi ba ɗaya yake da na shekara biyar a ƙirjin babban mutum ba. Akwai kuma shaidar asibiti: tun 2001 aka lura cewa magungunan da ke danne sinadarin garkuwa mai suna TNF, wanda ke riƙe da dunƙulen, sukan tayar da tarin fukan da ya kwanta. Binciken birai a Jami'ar Pittsburgh, ƙarƙashin JoAnne Flynn, wanda ya dogara da hoton huhu da karanta DNA, ya nuna a 2014 cewa a huhu ɗaya wani dunƙulen yakan kashe ƙwayoyinsa kaf, na kusa da shi kuma ya kasa. Inda akasarin masana suka tsaya yanzu shi ne, a farkon kamu dunƙulen na iya zama masauki ga cutar, daga baya ya iya zama ganuwa, kuma kowane dunƙule da makomarsa.

A ɓeraye ma an ga irin wannan bambanci. Ɗakin gwajin David Russell a Jami'ar Cornell ya ƙera ƙwayoyin tarin fuka masu launi biyu: ja da ba ya mutuwa don a san inda suke, da kore da ke kunnuwa idan sun ji tsami ko matsi. A 2018 suka nuna cewa makurofaj ɗin da ke zaune a jakunkunan iska na huhu sukan bar ƙwayoyin su sake su hayayyafa, alhali waɗanda ke cikin naman huhun sun fi takura musu.

## Masu lafewa, da dalilin doguwar jinya

Ana buƙatar a raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Bijire wa magani sauyi ne a ƙwayar gado: bakteriya ta samu kariya, 'ya'yanta ma sun gada, maganin ya daina aiki a kansu. Lafewa daban ce. Ƙwayar ba ta sauya ba, ta dai tsallake maganin a wannan karo, kuma idan ta farfaɗo ta haihu, maganin na iya kashe 'ya'yanta. Joseph Bigger, likita ɗan Ailan, ya bayyana haka tun 1944, da ya ga fenisilin na barin 'yan tsirarun ƙwayoyi a raye. Shekaru da dama ba a iya nazarinsu sosai ba, saboda ba yadda za a nuna su a cikin miliyoyi.

Sophie Helaine da David Holden na Imperial College da ke Landan sun ɓullo da wata dabara a 2010. Sukan sa Salmonella ta cika cikinta da furotin mai ƙyalli, sannan su kashe makunnin. Daga nan duk lokacin da ƙwaya ta rabu biyu, kowace 'ya ta ɗauki rabin hasken. Bayan rabuwa uku saura kashi ɗaya cikin takwas. Wadda aka dawo aka tarar tana nan da haskenta na farko ba ta rabu ba ko sau ɗaya. A 2014 suka ba da rahoton cewa haɗiyar da makurofaj ke yi wa Salmonella ita kanta ke tura wani kaso nasu cikin wannan hali, su tsallake magani, wasu kuma su ci gaba da hayayyafa bayan an sake su.

A shekarar dai, ɗakin gwajin Dirk Bumann a Basel ta Suwizalan ya zo da sakamakon da ya karkata wani wajen. Sun yi amfani da furotin mai suna TIMER, wanda ke fara ƙyalli da kore sannan a hankali ya nuna ruwan lemo. Ƙwayar da ke saurin rabuwa takan fi kore, mai jan ƙafa ta fi ruwan lemo. A saifar ɓerayen da ake yi wa magani, sun ga cewa waɗanda suka tsaya cik sun fi jurewa, amma ba su da yawa. Yawancin waɗanda suka tsira masu tafiyar hawainiya ne, suna rabuwa amma a hankali. A ganinsu, su ne ke ja wa jinya tsawo.

Akwai bayani na uku. A 2013 ɗakin gwajin John McKinney a Lausanne ya kalli wata 'yar uwar ƙwayar tarin fuka marar haɗari a ƙarƙashin maganin isoniazid. Wannan magani ba ya kisa sai wani furotin na bakteriyar da kanta, KatG, ya tayar da shi. Da suka liƙa wa KatG jan ƙyalli, sai suka ga ƙwayoyin na ƙera shi ne jefi-jefi, ba bisa wani tsari ba. Wadda ta ƙera shi ta fi shiga haɗarin mutuwa, kuma waɗanda suka tsira ba barci suke ba, suna ta rabuwa.

Sakamakon uku ba su ƙaryata juna kai tsaye ba, tunda bakteriya da magani da wurin gwajin sun bambanta. Amma kowanne na nuna wa masu haɗa magani hanya daban: a tayar da masu barci, ko a nemo abin da ke kashe masu jan ƙafa, ko a hana ƙwaya kashe makunnin da ke kai ta ga halaka. Har yanzu ana tafka muhawarar. Abin da suka haɗu a kai shi ne ƙwayoyi masu gado iri ɗaya, a jiki ɗaya, ba sa amsa magani iri ɗaya. Ya kamata a lura cewa Salmonellar waɗannan gwaje-gwaje nau'in Typhimurium ce, ba Typhi mai kawo zazzaɓin taifod ba, domin ita mutum kaɗai take kamawa. Sai dai Typhimurium ɗin ma tana shiga jini ta kashe ƙananan yara a Afirka kudu da Sahara, musamman masu fama da zazzaɓin cizon sauro ko tamowa.

## Inda hasken ke ruɗi

An ce gani ya kori ji, amma a wannan fage ganin ma sai an tantance shi. GFP furotin ne mai taurin rai, yakan daɗe yana haske bayan ƙwayar ta mutu ko makunnin ya rufe. Saboda haka tun 1998 aka ƙera nau'o'in da bakteriya ke saurin narkarwa, sai dai su kuma haskensu ya ragu. Tsami ma na dusar da GFP, ga shi kuwa jakar da makurofaj ke jefa bakteriya a ciki tsami gare ta. mCherry ya fi jurewa. Tsakiyar tsohon dunƙulen tarin fuka da cikin babban hanji ba su da isasshen oksijin, don haka duhu a wurin ba ya nufin babu kowa. Ga bakteriya irin su Clostridioides difficile, waɗanda oksijin ke kashewa, dole aka koma ga wasu furotin kamar iLOV da FAST da ba sa buƙatarsa. Wasu kuma, irin su Pseudomonas aeruginosa, suna da nasu koren ƙyallin na halitta da ke gauraya da na GFP.

Dasa alamar kansa na iya sauya halin bakteriyar. Hanya mafi sauƙi ita ce a sa umarnin a filasmid, wani ɗan zoben DNA mai zaman kansa da ke ninka kansa da yawa. Haske yakan yi ƙarfi, amma ɗawainiyar na rage wa ƙwayar kuzari, kuma a cikin dabba wasu sukan yar da zoben su koma duhu. Masu dasa kwafi ɗaya a cikin ainihin DNA na bakteriyar sun tsira daga wannan, amma haskensu ya fi rauni. Kowane ɓangare na da magoya baya, kuma zaɓin ya danganta da tsawon gwajin.

Kuskure mafi tsada ya fito ne daga liƙa alama a jikin wani furotin. An yi shekaru ana zana wani furotin na E. coli mai suna MreB a matsayin doguwar igiya da ta murɗe a cikin ƙwayar. A 2012 aka duba da madubin ilektiron, aka ga igiyar ba ta bayyana sai idan an liƙa masa alamar ƙyalli. A shekarar kuma wani binciken ya nuna cewa wasu alamomin na manne wa juna, su tara furotin a wuri ɗaya, su haifar da ɗigon da babu shi a ƙwayar da ba a taɓa ba.

Wasu masu bincike sun fi son hasken da halitta ke haɗawa da kanta. Tun 1995 Christopher Contag da abokansa a Stanford suka bi sawun Salmonella mai irin wannan haske a cikin ɓera mai rai, daga waje. Amfaninsa shi ne yana mutuwa idan ƙwayar ta mutu, kuma ana iya auna dabba ɗaya sau da yawa, a rage yawan waɗanda ake kashewa. Amma ba ya nuna ƙwaya ɗaya-ɗaya. Ƙwararren ɗakin gwaji yakan haɗa hanyoyin, ya kuma koma ga tsohuwar ƙirgar faranti don tabbatarwa. Game da launi kuma, masu zargin fenti ba su yi kuskure gaba ɗaya ba: yawancin kyamarorin madubin ƙyalli fari da baƙi suke ɗauka, kwamfuta ke mayar da launin daga baya, kuma mai hoton na iya zaɓar wanda ya ga dama.

## Tsaro da doka

Bakteriyar da aka sa wa GFP halitta ce da aka sauya wa gado, doka ma haka ta ɗauke ta. Najeriya da Nijar duk sun shiga Yarjejeniyar Cartagena kan halittun da aka sauya wa gado, da ta fara aiki a 2003, kuma a Najeriya dokar 2015 ta kafa hukumar NBMA mai sa ido kan irin wannan aiki. Furotin mai ƙyalli ba guba ba ne, ba ya ƙara wa cuta ƙarfi. In ma ya yi tasiri, rage mata yake yi. Abin da masana tsaro suka fi sa wa ido shi ne abokin tafiyarsa. Don a ware ƙwayoyin da suka karɓi alamar, akan haɗa ta da ƙwayar gadon jure wani magani. Ƙa'ida ita ce kada a zaɓi maganin da ake jinyar cutar da shi, shi ya sa a binciken tarin fuka ake yawan amfani da hygromycin, wanda ba a ba mutane. Ƙwayar tarin fuka kuwa, da alama ko babu, ba a renonta sai a ɗakin gwaji mai matakin tsaro na uku, inda iska ke shiga ba ta fita sai an tace ta.

## Abin da ya shafi majinyaci

Ba a sa wa ƙwayoyin da ke jikin mutum wannan alama, kuma ba ita ake amfani da ita a asibiti ba. Wanda ya kai kakinsa awo aka duba da madubi mai fitilar LED, aka ga sanduna masu haske, rini ne mai suna auramine aka zuba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar wannan madubi a 2011. Na'urar awon kaki ta GeneXpert, da hukumar ta amince da ita a 2010, DNA take karantawa cikin kusan sa'a biyu. An dai yi ƙoƙarin kawo ɗan rahoto asibiti ta hanyar bairos masu kama bakteriya kaɗai: a ɗora musu umarnin GFP, a zuba su a kaki, ƙwayar tarin fuka mai rai ta haska, idan kuma ta ci gaba da haske bayan an zuba magani, to ta bijire masa. An gwada wannan a KwaZulu-Natal ta Afirka ta Kudu, amma bai zama awon yau da kullum ba.

Amfanin na zuwa ne a fakaice. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 10.8 suka kamu da tarin fuka a 2023, kimanin miliyan 1.25 suka rasu, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da cutar ta fi yi wa nauyi. Jinyar da aka saba ita ce wata shida: wata biyu da magani huɗu, wata huɗu da biyu. Mutum yakan ji sauƙi tun a makonnin farko saboda an share masu saurin hayayyafa, sauran watannin kuma na ragowar da binciken da aka ambata ke magana a kansu ne. A nan ne katse magani ke kawo koma-baya.

Cututtukan da suka addabi yankin Sahel ma sun shiga ƙarƙashin wannan madubi. A 2013 masu bincike a Faransa, ƙarƙashin Guillaume Duménil, sun dasa fatar mutum a jikin ɓera, suka ga ƙwayoyin sanƙarau na manne wa jijiyoyin jinin mutum da wasu siraran gashi nasu, suna lalata su, abin da ke bayyana tabon jini da ke fitowa a fatar wasu majinyata. A 2014 ɗakin gwajin Matthew Waldor a Boston ya ba jariran ɓeraye ƙwayoyin kwalara masu launi biyu a gauraye, aka tarar kowane gungu a bangon hanji launi ɗaya ne, alamar daga ƙwaya ɗaya ya tsiro.

A neman sabon magani ne tasirin ya fi fitowa fili. Maimakon jiran makonni, akan zuba makurofaj masu ɗauke da ƙwayoyi masu haske a faranti mai ramuka 384, kowane rami da nasa sinadarin, na'ura ta ɗauki hoto ta auna inda hasken ya ragu ba tare da makurofaj sun mutu ba. Cibiyar Pasteur ta Koriya ta Kudu ta bi irin wannan hanya ta tace sinadarai masu ɗimbin yawa, daga ciki aka samo Q203, wanda aka bayyana a 2013 kuma yake toshe numfashin ƙwayar tarin fuka. An sa masa suna telacebec. Gwajin da aka yi wa majinyata a Afirka ta Kudu, wanda aka wallafa a 2020, ya nuna yana rage ƙwayoyin da ke cikin kaki gwargwadon yawan abin da aka sha. An kuma ga yana da ƙarfi sosai a kan ƙwayar gyambon Buruli da ake fama da shi a Afirka ta Yamma. A 2023 ƙungiyar TB Alliance ta karɓi lasisin ci gaba da gwada shi, kuma sai ya tsallake manyan gwaje-gwaje tare da wasu magunguna kafin a iya rubuta wa majinyaci shi.